Jantin Malam Illa

Sallama gare ku, masu jiran labari. Wadda ke da tukunya a wuta ta je ta rage itace, domin na yau ba ya son a tashi a tsakiya. Sababbin zuwa kuma ku matso in ɗora ku a hanya, sau ɗaya zan faɗa.

A Dungas, bayan tashar 'yan kabu-kabu, akwai gidan marigayi Malam Illa direba. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarsa. Ya bar matarsa Kaltume, da 'ya'yan da duk suka yi aure suka watse in ban da autarsa Hidaya, sai wata tsohuwar akori-kura da ta girmi Hidayar nesa ba kusa ba. Motar na nan cikin rumfar da ya gina mata a jikin katangar gida, ƙofarta na kallon titi. Kaji sun yi ƙwai a cikinta sun ƙyanƙyashe, jikokinsu ma sun yi.

Ba cikakkiyar mota ba ce fa. Ranar sadakar arba'in Kaltume ta duba rumbu ta ga hatsin ba zai kai ko'ina ba, injin motar kuma dama ya mutu tun kafin mai ita. Sai ta ce a yi wa Malam sadaka da jikin motarsa. Ƙafar baya gaba ɗayanta aka ba Baba Bunu mai jaki, ya ɗora amalanke a kai, wanda har yau shi ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan Kwaya. Kujerar gaba ta tafi gidan likita, mata masu zuwa awo suna zama. Janti ɗaya kuma, wato ƙarfen da taya ke hawa kai, na tayar ajiya, aka kai lakwal, wato makarantar boko, aka rataye a dogonyaro, ya zama ƙararrawa. Kullum safe in ya yi ƙara, ko me Kaltume ke yi sai ta tsaya ta ce, "Allah ya kai ladan kabarin Malam." Da wannan Hidaya ta girma.

To, sai ga Abdulrazak.

Kayya, Abdulrazak! Ɗan Magarya ne, ya je Yamai ya dawo da dipulom da tabarau marar magani. Yana aiki a wani biro, wato ofis, da ba wanda ya san abin da ake yi a ciki, har shi. Shaddarsa in ya zauna sai ta yi ƙara kamar ana murza leda. Turarensa kan riga shi shiga unguwa, ya gaisa da mutane, sannan shi ya iso. In zai zauna kan tabarmar zaure sai ya shimfiɗa hankici tukuna. Tabarmar da liman ke zama a kai ba ya shimfiɗa komai!

Amma gaskiya ɗaya, kuma ba zan ɓoye ta don na tsani mutum ba: shi ne na farko cikin masu zuwa wurin Hidaya da ya kalli motar bai yi dariya ba. Ya tsaya, ya cire tabarau, ya ce, "Kun san abin da kuka ajiye kuwa? A Turai wannan dukiya ce." Maganar ta shiga Hidaya. Tana 'yar shekara goma ita ke tsugunawa gefen uban tana miƙa masa kile, wato sifanar kwance noti, har ta san na goma sha bakwai da na goma sha tara ba tare da ta duba ba. Ga wani yau ya kira motar Baba dukiya. Nan ya kama ta, ba a shadda ba.

Daga ranar salularta, wato wayar hannunta, ba ta huta ba. Tana kan keken ɗinki sai ka ji ƙit, saƙonsa ya shigo. Masheri yake kiranta, wai masoyiyata da Faransanci.

"Masheri, kalli wannan."

Ta buɗe, wani Bature ne mai gemu cikin garejin gidansa, ya ɗauko ruɓaɓɓiyar mota, minti goma ta koma amarya.

"Haka zan yi wa ta Papa. Da hannuna. A cikinta za a kai kayan ɗakinki Magarya."

Papa! Mutumin da bai taɓa gani ba ko a hoto mai kyau.

Gwaggo Ɗela, yayar marigayi, ita ce ta ɗauki zancen a ka. Kullum la'asar tana tsakar gida da mayafinta ruwan goro da carbinta da ba ya hana ta magana.

"Hidaya, shekara ashirin da huɗu. Sa'anninki na goye da na uku. Me kike jira, a aiko miki takarda daga sama?"

"Gwaggo, ai ban ce ba na so ba."

"Ba ki kuma ce kina so ba. Yaro ɗan mutunci, mai biro, mai babur ɗinsa na kansa. Kaltume, ke ba za ki yi magana ba?"

Kaltume na tsince wake, ta ce, "Yaya, ai ba ni zan zauna da shi ba."

Ranar dai Gwaggo ta matsa, ga kawunai biyu sun zo gaisuwa suna zaune, Hidaya ta sunkuyar da kai ta ce, "To, ranar da motar Baba ta tashi ta taka titi, a sa rana." Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta juya ga kawunai ta ce, "Kun ji da kunnuwanku." Suka ce sun ji. Ku riƙe wannan, a kansa komai ya rataya.

Washegari Abdulrazak ya sa aka kewaye rumfar motar da kwano, ya sa ƙofa da kwaɗo, wai ba ya son amarya ta ga komai sai an gama. Ya sayo kayan aiki shuɗi irin na makanikai, da safar hannu fara. Wata huɗu ana aikin nan, wallahi kayan ba su san baƙin mai ba. Guga ma ake yi musu. Zai zo ranar Asabar, ya sa su, ya riƙe kile a juye, ya jingina da mota a ɗauke shi hoto, ya tura wa Hidaya: "Yau na wahala, masheri, amma dominki ne."

Mai wahalar na ƙarƙashin mota. Usaini sunansa, mutumin Yekuwa, magidancin makaniki da ke da gareji a bakin kasuwa. Shi ne yaron motar Malam Illa a da can, tun bai fara gemu ba, yanzu kuwa har furfura ɗaya biyu ta leƙo. Shi ya sauke injin nan ya tarwatsa shi kan buhu, ya wanke kowane ƙarfe, ya sa sababbin zobba, ya fitar da sheƙar ɓeraye daga inda iska ke shiga, ya kankare tsatsa har yatsunsa suka tsage. Ba ya da yawan magana. In Hidaya ta miƙo kwanon abinci ta saman kwano sai ya karɓa ido a ƙasa ya ce, "Sannu, Auta." Haka ubanta ke kiranta. Ban da shi ba mai kiranta haka yanzu.

Wata rana tana shanya a jikin katanga ta jiyo su.

"Ranka ya daɗe," in ji Usaini, "ƙafar baya da kujera ai ana samu. In shiga Damagaram ko in tsallaka Maigatari, wurin 'yan gwangwan, kwana ɗaya na kawo irinsu sak."

"Irinsu? Kai Usaini ba ka da ilimin abin nan. Dole komai ya zama orijin. Wanda motar ta fito da shi daga kamfani, shi. Haka Turawa ke yi. In ka sa na wata mota, darajarta ta zube."

"Ai na wannan an bayar da su."

"Ka bar mini wannan."

Hidaya ta ji, ta kuma wuce da bokitinta. Ta ɗauka surutu ne irin nasa. Kuskurenta ke nan, kuma ta zargi kanta a kai daga baya.

Ranar Litinin ƙararrawar lakwal ba ta yi ƙara ba. Kaltume ta tsaya da tsintsiya a hannu har rana ta hau katanga, ta ce ko malamai sun shiga yajin aiki ne. Talata ma shiru, sai wani usur can nesa kamar ana wasan ƙwallo. Hidaya ta kai ɗinki gidan wata mai ciki, matar ta karɓa a tsaye, ko ruwa ba ta ba ta ba, ta ce, "Jiya a ƙasa muka zauna wurin awo. Ki gaida Inna." A hanya matan rijiya suka amsa gaisuwarta a gajarce. Ta dawo gida tana ta lissafin wa ta ɓata wa.

Laraba da hantsi aka yi sallama. Baba Bunu ne, da ƙafa, jakinsa na biye da shi ba komai a baya. Tsohon ya durƙusa bakin zaure, Kaltume ta fito da lulluɓi, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare bai ɗago ba. Sai ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye gabanta.

"Kaltume, waɗannan ƙusoshin ma na motar ne, guda shida. Yaron da kuka aiko ya manta da su. Na ce in kawo da kaina, kada in mutu da hakkin marayu."

"Wane yaro, Baba?"

"Surukin naku mana, mai tabarau. Ya ce iyalan marigayi na bukatar kayansu. Ai ba laifi. Shekara goma sha biyu ina cin arziki, Allah ya saka. Amalanken na nan na ɗora shi kan bulo. Jiya an aiko daga Kwaya wata na naƙuda, na ce su nemi kabu-kabu."

Kaltume ta dubi ƙullin. Ta zauna daɓas a dokin ƙofa. Jama'a, ku da kuka san garinmu, kun san abin da ake nufi da a ce mace ta bi gida gida ta karɓe sadakar da ta yi wa mijinta. Ba wanda ya yi gardama da Abdulrazak, ba mushen lakwal, wato malamin makaranta, ba, ba likita ba. Wa zai yi jayayya da matar mamaci? Kowa ya miƙa, ya rufe baki, ya buɗe shi a bayan ido.

Hidaya ta shiga ɗaki ta rubuta wa Abdulrazak:

"Kai ka je ka karɓo kayan sadakar Baba? Da sunan Inna?"

Ba a yi minti ba amsa ta zo, har da hoton fure.

"Haba masheri, kin ɓata mini mamakin da na shirya miki! Kayanku ne ai, hannun mutanen ƙauye kawai suke lalacewa. Kin san da ƙaramin gatari yara ke dukan jantin nan? Janti orijin!"

"Sadaka ce."

"Sadaka ai an riga an samu ladan. Zan saya musu wasu daga baya in na samu sarari. Gobe ƙarfe huɗu mota za ta tashi. Ki sa leshin nan ruwan hoda, zai dace da fentin."

Zai dace da fentin. Ni dai da na ji wannan sai da na ajiye gorona.

Gwaggo Ɗela ta zo da azahar, aka gaya mata. Abin ya taɓa ta, ƙaninta ne. Amma ta gyara mayafi ta ce, "Bai kyauta ba. Yarinta ce da rashin sanin gari. Bayan biki sai a bi mutane a ba su haƙuri. Amma magana an yi ta gaban kawunanki, Hidaya. Gidan nan ba a san mu da faɗa a janye ba."

"Gwaggo, an san mu da bayarwa a karɓe?"

"Kul! Ni kike mayar wa magana?"

Kaltume ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ba a ɗora tukunya ba sai bayan la'asar.

Alhamis ƙarfe huɗu, unguwa ta cika ƙofar gidan. 'Yan kabu-kabu sun bar tasha, kawunai sun zo, Gwaggo ta ci ado da atamfa mai ganyen kuka. Abdulrazak ya zo da abokai biyu daga Magarya, kowanne ya ɗaga salula. Aka ɓalle kwanon rumfa.

Ba zan yi ƙarya ba, motar ta yi kyau. Fara sol kamar yadda take a zamanin Malam Illa, fitilu na ƙyalli, kujera ta sha sabuwar fata. A baya, jikin kan motar, an ɗaure jantin lakwal da ƙusoshi biyu. Ko taya babu a jikinsa, ba a samo ba tukuna. Kun ji fa. Motar ba ta bukatarsa don ta yi tafiya. Don hoto kawai aka hana yara ƙararrawa.

Hidaya ta fito. Ba leshi ruwan hoda. Tsohuwar atamfarta ta zaman keke ce a jikinta, da hijabi baƙi, zaren ɗinki ma na manne a gefen zanen. Abdulrazak ya ɗan ɓata fuska, ya shiga mota ya murɗa makulli. Ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake. Gumi ya fara tsattsafo masa. Usaini ya matso ya yi masa raɗa, ya ja wani ɗan maɓalli a gefen sitiyari wanda duk wata huɗun nan mai gyara da hannunsa bai san da shi ba. Injin ya kama.

Muryar motar nan, wadda ta san ta ta san ta. Kaltume daga cikin gida ta ji, aka ce ta toshe bakinta da gefen zane. Hidaya ma idonta ya cika, ba ta iya hanawa ba. Motar ta gangaro daga rumfa a hankali, tana tsalle-tsalle saboda direban, ta hau titi ta tsaya. Gwaggo ta saki guɗa. Babban kawu ya gyara murya ya ce, "To, alhamdu lillahi. Hidaya, ga mota ta taka titi. Sai sa rana."

Abdulrazak ya fito yana gyara tabarau, ya buɗe mata ƙofa, abokai suka juyo da salula kanta.

Ta zo, amma ba ta shiga ba. Ta sunkuya ta zura hannu ƙarƙashin kujera, inda ubanta ke ajiye kayan aiki. Ba ta san ko akwai wani abu ba, hannu ne kawai ya tuna hanya. Sai ta ji ƙarfe. Kile na goma sha tara, an goge shi tas, an naɗe da tsumma.

Ta miƙe ta fuskanci kawunai.

"Kawu, na faɗa gabanku, ban manta ba. Na janye. A ce Hidaya maƙaryaciya ce, na ɗauka. Ni za a zaga, ba Inna ba, ba Baba da ke kwance ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji: "Na shiga uku! Yarinyar nan ta kashe ni a tsaye!"

"Masheri," in ji Abdulrazak yana murmushin dole, "ana ɗauka fa. Wata huɗu na…"

"Nuna mini tafin hannunka."

Ya tsaya.

"Nuna wa Kawu."

Bai nuna ba. Ya tura su aljihu. Wani ɗan kabu-kabu ya fashe da dariya, saura suka bi.

Hidaya ta tattare zane ta taka taya ta hau bayan mota. Ƙusoshi biyu, ba ta ɗauki lokaci ba. Ta naɗe ɗankwalin da ke kafaɗarta ta yi gammo. Jantin da nauyi, ta kasa ɗagawa ita kaɗai. Matar nan mai ciki da ta hana ta ruwa ranar Talata, ita ta fara matsowa, sai wasu biyu, suka ɗora mata a ka.

"Wannan sata ce!" in ji Abdulrazak. "Orijin ne! Usaini, ka hana ta!"

Usaini na goge hannu da tsumma, ya ce, "Ranka ya daɗe, motar gidansu ce."

Haka ta ratsa Dungas da janti a ka, ta gaban tasha, ta gaban masu tuyar ƙosai, mata na biye da ita. A lakwal igiyar na nan tana reto a dogonyaro, ba wanda ya kwance. Mushe ya fito daga aji da alli a hannu, ya ga abin da ke tafe, bai tambayi komai ba, ya hau kujera ya ɗaura. Ya miƙa mata ƙarfen dukan.

Ta buga sau uku. Yara suka ɗauka an tashi, suka ɓarke daga azuzuwa da gudu da ihu saura minti arba'in, mushe na ta ɗaga hannu a banza. Can gida kuwa, wadda ke kusa da Kaltume ta rantse mini cewa ta ɗago kai daga cikin zane ta ce, "Allah ya kai ladan kabarin Malam."

A hanyar komawa wuyanta na ciwo, ta san Gwaggo na jiranta, ta san gobe sunanta ne abin taɓawa a kowace rijiya. Salula ta yi ƙit. Ta ɗauka mai tabarau ne, ta kusa share saƙon ba ta duba ba. Baƙuwar lamba ce.

"Auta, ban san da sunan Inna ya karɓo ba sai jiya, ki yafe mini. Jantin ban bari an yi masa fenti ba, fenti na kashe murya. Gobe da safe zan kwance ƙafar baya in mayar wa Baba Bunu, in sauke kujera gidan likita. Ita motar zan samo mata wasu a Maigatari, za ta yi tafiya. Sai dai aikin na son mai miƙo kile, kuma ban san wanda ya fi ki sanin lambobinsu ba."

Ta tsaya tsakiyar hanya ta karanta sau uku, har wani mai kura ya yi mata magana ta matsa. Wa ya ba Usaini lambarta? Kada ku dube ni, ni goro na je saye bakin kasuwa.

Ta fara rubutu ta goge. Ta sake ta goge. Tana ɗago kai ta hango Gwaggo Ɗela tsaye a ƙofar gida, hannu biyu a ƙugu. Sai ta sunkuya ta rubuta da sauri, ta tura kafin ta kai zaure:

"Na goma sha tara na wurina. Ka zo ka karɓa gaban Inna."